ZAUREN LAFIYA: Don Me Ake Sa Wa Mai Kumburin Haɓa Tiyo Yana Farke?

 A watan jiya na yi alkawarin za mu yi magana a kan hawan jini, to amma ku gafarce ni, wata magana ta sha gabanta.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallacin Zango, wani dattijo mai sayar da goro ya riƙe mini hannu a bakin titi, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, kai da ka yi aiki da likitoci, gaya mini, wannan wace irin mugunta ce? Yarona haƙori ne kawai ya kumbura masa. Muka kai shi asibiti, maimakon su yi masa allurar barci kamar yadda ake yi wa kowa, sai suka zaunar da shi, idonsa biyu, suka tura masa tiyo ta hanci. Ko don sun ga ba ma jin Faransanci ne?" Na ce, "Baba, yaron yana ina yanzu?" Ya ce yana nan lafiya, har ya koma kasuwa. Na ce, "To Baba, ka gode wa Allah, ka kuma sa wanda ya tura tiyon nan cikin addu'a, don da ya bi son ranka, wataƙila da ta'aziyya na zo yi maka."

Bai gamsu ba, ni kuma ban ga laifinsa ba, domin babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani da harshen da yake ji. Tun da na yi shekaru a ɗakin tiyata ina tsaye wajen kan majiyyaci, ina taya masu ba da maganin barci, na ga ya wajaba in yi wannan bayani a nan, ko Allah ya sa ya amfani wani ranar da takardar sa hannu ta zo gabansa cikin dare.

Mu fara da yadda ciwon haƙori ke kai wa ga maƙogwaro. Haƙoran tauna na ƙasa, musamman biyun nan na can ƙarshe, saiwarsu tana da zurfi, har takan wuce wani shimfiɗaɗɗen nama wanda yake tamkar daɓen baki, wanda harshe ke zaune a kansa. Idan haƙorin ya ruɓe, ƙwayoyin cuta suka bi saiwa suka huda ƙashi, to ba lallai su fito ta dasashi inda za a ga maruru a fasa ba. Sukan ɓulla ta ƙarƙashin daɓen nan, su bazu cikin naman haɓa, dama da hagu. Sai ka ga haɓa da saman wuya sun yi suntum, in ka taɓa da ƙarfi kamar katako. Kumburin ba shi da hanyar zuwa gaba, don ƙashin muƙamuƙi ya tare, saboda haka sai ya ɗaga harshe sama ya tura shi baya. Bayan harshe kuwa nan ne ƙofar numfashi take. Maƙogwaron babban mutum bai fi kaurin babban yatsansa ba, kun ga ke nan ba sai kumburi ya yi yawa zai toshe shi ba.

Wani likita Bajamushe a birnin Stuttgart, mai suna Wilhelm Friedrich von Ludwig, shi ya fara bayyana wannan ciwo dalla-dalla a 1836, shi ya sa har gobe ake kiransa da sunansa. A takardun asibitocinmu na nan za ku ga an rubuta "angine de Ludwig", ko kuma "cellulite", wadda ta haɗa duk irin wannan kumburi na fuska da wuya. Kafin a sami penisilin, fiye da rabin waɗanda ciwon ya kama mutuwa suke yi, galibi ta hanyar shaƙewa. Yanzu a inda ake samun kulawa da wuri, ba a rasa ko ɗaya cikin goma. Amma fa sharaɗin shi ne da wuri.

A nan ne mu muke da matsala. Haƙori ya fara ciwo, sai a sa kanumfari, in bai bari ba a sa kanwa ko garin taba, har na ga wanda ya ɗiga ruwan batir a kogon haƙori. Daga nan sai a aiki yaro wajen mai tebur ya sayo ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen. Su waɗannan suna kwantar da zafi da zazzaɓi, mutum ya ji kamar ya samu sauƙi ya fita nema, alhali cuta tana can tana cin ƙasa. Likitocin wannan yanki namu sun daɗe suna lura cewa da yawa daga cikin masu zuwa da kumburi mafi muni sun kwana biyu suna shan irin waɗannan ƙwayoyi. Kafson da ake haɗawa da shi kuma, a sha biyu yau a bari gobe, wani ma gari ne kawai a ciki. Ba a banza ba tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya zo nan Kwatano a watan Oktoba na 2009 ya yi kira a yaƙi jabun magunguna, kuma duk mun tuna samamen da hukuma ta kai kasuwar magani ta Adjégounlè a watan Fabrairu na 2017. Mai ciwon suga, da mace mai ciki, da wanda wata doguwar jinya ta raunana, su ne ciwon ya fi saurin kayarwa. Mutane da dama ma a daren nan ne ake fara gano suna da suga.

Ciwon haƙori na yau da kullum yana iya jiran wayewar gari. Amma idan haɓa ta kumbura ta yi tauri, baki ya ƙi buɗuwa, yawu yana dalala don ba a iya haɗiye shi, murya ta sāke kamar an cusa wa mutum dankali mai zafi a baki, to dare ya daina zama dalili. In kuwa kuka ga ya ƙi kwanciya, ya zauna ya miƙa wuya gaba yana jan numfashi da ƙara, to sauran lokacin da ya rage ana lissafa shi da awa ne, wani lokaci da minti. Kada ku tilasta masa kwanciya, jikinsa ne ya gano yadda iska za ta wuce. A zaune za a kai shi, a mota in da hali. In zem kaɗai aka samu, wani ya zauna bayansa ya riƙe shi. Kuma a nufi babban asibiti mai ɗakin tiyata da likitocin maƙogwaro, waɗanda ake kira ORL, irin CNHU Hubert Maga, don yawo daga ƙaramin kilinik zuwa wani shi ke cinye awoyin da ba mu da su.

Yanzu mu zo ga tambayar dattijon nan. Aikin kansa ba shi da wani tsawo: a tsaga ƙarƙashin haɓa, a buɗe wa mugunya hanya, a bar robobi ta riƙa tsiyayewa, a cire haƙorin da ya jawo abin, a ci gaba da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Abin da ke sa zufa ta karyo wa ma'aikata shi ne mintoci goma na farko, kafin a taɓa wuƙa.

Barcin tiyata ba irin barcin gado ba ne. Maganin yana sakin duk naman jiki, har da wanda ke riƙe harshe kada ya faɗa baya, kuma sau da yawa yana tsayar da numfashi gaba ɗaya. Ga mai lafiyar baki wannan ba komai ba ne. Za a rufa masa abin shaƙa a fuska a hura masa iskar oksijin, a wangame bakinsa, a sa wani lanƙwasasshen ƙarfe mai fitila a kauda harshe, a hango ƙofar maƙogwaro, a zura tiyo, cikin rabin minti an gama. Ƙarfen nan wani malamin jami'ar Oxford ta Ingila, Robert Macintosh, ya fito da shi a 1943, kuma har yau shi ne a kowane ɗakin tiyata. To amma yana bukatar baki ya buɗu. Kowa ya gwada yanzu: jera yatsu uku ka sa tsakanin haƙoranka na sama da na ƙasa. Mai lafiya za su shiga. Mai wannan kumburi wani lokaci ko yatsa ɗaya ba ya shiga.

Ku auna abin da zai faru idan aka kwantar da irin wannan mutum rigingine aka yi masa allura. Ɗan ƙoƙarin da jikinsa ke yi na riƙe hanya a buɗe ya tafi. Harshen da ya riga ya kumbura ya faɗa baya ya rufe ƙofa. A hura iska, ba ta wucewa. A ce a buɗe baki, ya ƙi. Wani ƙin buɗuwar na zafi ne, da barci ya zo sai ya saki, wani kuwa kumburin ne ya ɗaure gaɓar muƙamuƙi, ko me aka ba shi ba zai saki ba, kuma ba a iya tabbatar da wanne ne sai bayan an yi allurar, lokacin da babu komawa baya. In an yi ta cusa ƙarfe da ƙarfin tsiya, mugunya tana iya fashewa ta kwarara cikin huhu. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa in ta rasa iska kamar minti huɗu zuwa biyar sai ta fara lalacewa. Saboda haka ƙa'idar masu wannan aiki ita ce, ba a raba mutum da numfashinsa sai an riga an kafa abin da zai maye gurbinsa. Bahaushe ya san illar sakin na hannu a bi na guje.

Wannan ne ya sa aka bar yaron dattijon nan a farke. Yadda ake yi shi ne, a zaunar da majiyyaci, a fesa masa maganin kashe zafi irin na masu cire haƙori a hanci da maƙoshi har wurin ya mutu. Sa'an nan a ɗauko wata siririyar igiya mai laushi, kaurinta bai kai na fensir ba, mai fitila da idon kallo a bakinta, wadda suke kira "fibroscope". A zura ta cikin tiyon numfashi, a bi da ita ta hanci, likita yana kallon hanya kamar mai bin lungu da tocila, ya kewaye bayan harshe, ya ga ƙofar maƙogwaro tana buɗewa tana rufewa da numfashin mutumin, ya shige, sa'an nan ya tura tiyon ya bi igiyar ya zauna. Sai a lokacin ake yin allurar barci. Wani likita a Ingila, Peter Murphy, shi ya fara ba da labarin sa tiyo ta hanci da irin wannan igiya a 1967. Ba zan ce da daɗi ba. Akwai tari, akwai hawaye, maganin da ake fesawa ɗaci gare shi. Amma mutum yana numfashi da kansa daga farko har ƙarshe, in hanya ta ƙi sai a janye a sake shawara, babu abin da aka rasa. Yaron nan gata aka yi masa, domin na'urar tana da tsada, tana da saurin lalacewa, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba.

Inda babu ita, akwai tsofaffin dabaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a wani asibiti a Sidcup kusa da Landan inda likita Harold Gillies ke gyara fuskokin sojojin da harsashi ya farfasa, Ivan Magill da Stanley Rowbotham sun ƙware wajen tura tiyon roba ta hanci ba tare da gani ba, suna kasa kunne a bakin tiyon suna bin ƙarar numfashi har ya shiga. Na ga tsofaffin ma'aikata da hannunsu ya faɗa a wannan, abin sha'awa. Sai dai a bakin da ke cike da mugunya lalube ne cikin duhu, kuma yanzu ba a son yin sa. Akwai kuma sa barci a hankali da iskar shaƙa, mutum yana ci gaba da numfashi, likitan fiɗa yana tsaye da wuƙa a hannu ko da hanya za ta rufe. Akwai ƙarfen Macintosh na zamani mai kyamara a baki, wanda ke taimakawa ƙwarai, amma shi ma sai baki ya ɗan buɗu. Allurar ketamin da asibitocin karkara suka dogara da ita ba ta cika tsayar da numfashi ba, amma tana ƙara yawu, kuma ba ta ɗage harshen da ya toshe hanya. Wane za a ɗauka cikin waɗannan, ya danganta ga yadda majiyyaci ya iso, da kayan da ke akwai, da abin da hannun likitan ya saba.

Sai ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi tayar da hankalin dangi, watau huda maƙogwaro ta gaban wuya, abin da takarda ke kira "trachéotomie". Idan kumburi ya kai inda ba a sa ran komai zai wuce ta sama, sai a kashe zafin fatar wuya da allura, mutum yana farke a kishingiɗe, a yi 'yar tsaga ƙasa da maƙoshi, a sa gajeren bututu kai tsaye cikin maƙogwaro, iska ta riƙa shiga ta ƙarƙashin inda ya toshe.

Ba na mance wani dare a wani asibiti da na yi aiki. Wajen ƙarfe ɗaya aka kawo wani mahauci, saurayi ƙaƙƙarfa, kwana shida yana fama da haƙori. Yana zaune, yawu ya jiƙa masa gaban riga, kana jin numfashinsa tun daga baranda. Likita ya duba ya ce sai an huda. Aka kira ni in fassara wa wansa. Da na gama sai ya miƙe tsaye ya ce, "Likita, mu fa mahauta ne, gado muka yi. Mun san abin da wuƙa ke yi a wuya. Ba za a yanka mini ƙane ina kallo ba." Na ce, "Alhaji, tun da sana'arka ce, bari in tambaye ka. In ka kayar da rago, jinin nan da ke tsartuwa, daga ina yake fitowa?" Ya ce daga jijiyoyin gefe biyu. Na ce, "Maƙogwaro fa?" Ya ce yana tsakiya, ta gaba. Na ce, "To tsakiyar nan kaɗai likita zai taɓa, tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsanka ba, jijiyoyin gefe ko kusa da su ba zai je ba." Ya yi shiru, ya dubi ƙanensa, wanda a lokacin leɓɓansa sun fara sāke launi, ya ce a ba shi biro. Da bututun ya shiga, ƙarar nan ta ɗauke ɗif, har wan ya zabura yana zaton rai ya yi halinsa, alhali numfashi ne ya koma shiru irin na mai lafiya. Bayan kwana goma sha aka cire bututun, ramin ya rufe da kansa. Har yanzu in na bi ta rumfarsu sai ya ɗaga haɓa ya nuna mini tabon, ya ƙara mini tsoka a kan abin da na saya.

Na kuma ga akasin haka. Wata baiwar Allah mai tsohon ciki, dangi suka ce sai an jira mijinta ya iso daga tafiya kafin a sa hannu. Bai iso a kan lokaci ba. Allah ya ji ƙanta. Ajali ba ya wuce ranarsa, wannan haka yake, amma an umarce mu da neman magani, kuma ni a ganina duk magidancin da zai yi tafiya ya kamata ya bar wanda zai yanke irin wannan shawara a bayansa, balle yanzu da waya ke aljihun kowa.

Jinkiri irin wannan ba a kanmu aka fara ba. George Washington, shugaban Amurka na farko, maƙogwaronsa ya kumbura a watan Disamba na 1799. Likitoci uku suka taru a kansa, suka yi ta tsaga masa jijiya suna zubar da jini, kamar dai yadda wanzamai ke ƙaho. Ƙaraminsu, Elisha Dick, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro. Manyan biyu suka ƙi, don aikin baƙo ne a lokacin, kuma wa zai ɗauki alhakin sa wa irin wannan mutum wuƙa a wuya? Ya rasu a daren 14 ga watan. Nasa ba daga haƙori ya taso ba, likitocin yanzu sun fi zaton murfin maƙogwaro ne ya kumbura, amma toshewar iri ɗaya ce.

Abin da dangi suka fi tambayata shi ne ko mutum zai sake magana. Zai yi. Hudar tana ƙasa da inda murya ke fita, iska ce kawai ba ta bi ta wurin muddin bututun yana nan. Haka kuma wanda aka sa wa tiyo ta hanci ko ta baki, kada ku yi mamaki in an fito daga tiyata ba a cire ba, aka wuce da shi ɗakin da suke kira "réa". Kumburi yakan ƙaru a kwana na farko bayan aiki kafin ya fara saɓewa, in aka yi gaggawar cirewa hanya ta sake rufewa, mayar da shi ya fi sa shi na farko wuya. Kwana ɗaya, biyu, wani lokaci fiye. A wannan tsakani kada a ba shi ko kurɓin ruwa, ko na rubutu, ko zamzam, sai ma'aikata sun ce a ba shi. A shafa masa a goshi, niyya ta isa. Salla kuwa malamanmu sun yi bayanin yadda majiyyaci ke yin ta da ishara. Ana kuma sa ido a kan ƙirji, domin mugunyar wuya tana iya gangarawa ta taru kewaye da zuciya, wannan kuwa shi ne mafi munin abin da ciwon ke jawowa.

Akwai wani ciwon baki na yara da ya kamata in ambata, don kusan kowane gida a Zango yana da dangi a Arewa da ke zuwa suna komawa. Likitoci suna ce masa noma, a ƙasar Hausa wasu na ce masa ciwon iska. Yakan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yana farawa da dasashi mai jini da wari, cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, ya yi baƙi, ya ɓule. A matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. In an bar shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan tara cikin goma ba sa rayuwa. Waɗanda suka tsira, tabo yakan ɗaure musu muƙamuƙi tamau, wani har ƙashi ya haɗe da ƙashi, ya shekara goma yana tura abinci ta gefen haƙori. Irin wannan baki babu allurar da ke buɗe shi, saboda haka duk ranar da za a yi gyara, igiyar nan mai ido ko hudar wuya ita ce mafita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman don wannan ciwo tun 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga tallafa masa a 2014. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan ta daɗe tana karɓar irin waɗannan yara. A nan Kwatano ma, da jirgin ruwan asibiti Africa Mercy ya tsaya a tasharmu a 2009, da kuma daga 2016 zuwa 2017, gyaran fuska da muƙamuƙi yana cikin ayyukan da ya yi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Wani abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne, garin nan namu makaranta ce ta wannan fanni. Tun 1996 sashen koyon likitanci na Kwatano, tare da haɗin gwiwar jami'o'in Beljiyam, yake horar da likitocin ba da maganin barci, kuma ɗalibansa sun fito daga ƙasashe da dama na Afirka masu amfani da Faransanci. Duk da haka ba su wadata ba, musamman in aka bar bakin teku aka nufi Arewa, inda sau da yawa ma'aikacin jinya ɗaya ke riƙe da wannan aiki dare da rana. Ina da ƙorafi ɗaya a kan abokan aikina, kuma na sha faɗa musu: minti biyu na bayani ga dangi ba ɓata lokaci ba ne. Da an yi wa dattijon goron nan, da bai kwana da zargi a zuciya ba.

Mu ma akwai namu. Idan mai ba da maganin barci ya zo yana tambayoyi, a gaya masa gaskiya. Yaushe aka ci abinci na ƙarshe? Ƙa'ida ita ce awa shida babu abinci kafin aiki, ruwa zalla awa biyu, kuma koko da kunu da fura duk abinci ne, kada a ce "ai ruwa-ruwa ne kawai ya sha". In aikin gaggawa ne ba za a jira ba, amma sanin cikin da abinci yana sāke shirin da za a yi, don amai a lokacin barci huhu yake tafiya. A faɗi duk ƙwayar da aka sha da jiƙon da aka ɗura, har da tramol in ana sha, ba 'yan sanda ba ne, lissafin allura suke yi. A nuna haƙori mai girgiɗi, da na roba, da haƙorin Makka. Masu gemu kuma, wani lokaci za a nemi a rage, saboda abin shaƙa ba ya kama fuska sosai a kan gashi, kuma tsagar ma a ƙarƙashin haɓa take. Na san abin da nauyi, amma lalura ce, kuma zai sake tsirowa.

Sai maganar harshe. Aikin da ake yi wa mutum yana farke, da haɗin kansa ake yi, dole ya ji abin da ake ce masa. Idan majiyyaci ba ya jin Faransanci ko Fon, a tafi da wanda ke ji, babba mai natsuwa, a kuma roƙi a bar shi kusa har a gama sa tiyo. In ba a samu ba, ga kalmomi huɗu da za a fi ji a wannan lokaci, ku koya wa tsofaffinmu: "respirez", ja numfashi, "avalez", haɗiye, "tirez la langue", fito da harshe, "ne bougez pas", kada ka motsa. Kafin a fara, a yi yarjejeniya da likita cewa ɗaga hannu yana nufin a dakata, tun da baki ba zai samu yin magana ba.

Dattijon goro ya yi mini alkawarin zai sa jikansa ya karanta masa wannan shafi. Na kuma tambaye shi ko an cire wa yaron ɗaya haƙorin da likita ya ce shi ma ya ruɓe, ya ce tukuna, ai ba ya ciwo. Na ce ya kai shi cikin makon nan. Maganar hawan jini kuma sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.